Tambaya da Amsa: Firiyam, Makirfo da Muryar da Ke Fita Tsaf

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga Bauchi da Gombe suka zo, kuma kusan duk abu ɗaya suke kewayawa, wato firiyam, na'urar da ke karɓar siginar makirfo ta ɗaga ta kafin ta shiga kwamfuta. Duk mai saunkad, wato akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta, ko miksa yana da firiyam ko bai sani ba, tana nan a bayan kowane ramin makirfo mai ƙofa uku da ake kira XLR, kuma maɓallin da ake murɗawa a gefensa, wanda 'yan situdiyo ke kira geyin, shi ne linzaminta. Masu aikin sauti da masu gyaran kayan lantarki da ke taimaka wa wannan fili su suka amsa.

Assalamu alaikum. Na tara kuɗi na sayi makirfo Shure SM7B, na haɗa shi da ƙaramin saunkad ɗin da nake da shi. Sai na murɗe geyin har ƙarshe kafin murya ta fito sosai, kuma da ta fito sai wani huci "shuuu" ya biyo ta. Jabu aka sayar mini, ko sai na sayi firiyam ta daban? Daga mai ƙaramin situdiyo a Wunti, Bauchi.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka faɗa bai nuna jabu ba, halin wannan makirfo ke nan. Wutar da kowane makirfo ke fitarwa 'yar mitsitsiya ce, da milibolt ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Kayan situdiyo kuwa suna aiki ne a matakin da ake kira layin, wanda ya kai kusan bolt 1.23. Aikin firiyam shi ne cike wannan tazara. Ana ƙidaya ƙarin da desibel: desibel 20 ninki goma ne, 40 ninki ɗari, 60 ninki dubu.

SM7B dayinamik ne, irin mai naɗin waya da maganaɗisu a ciki, kuma yana cikin masu ƙarancin fitarwa. A ma'aunin da kamfanoni ke gwada makirfo da shi, milibolt 1.1 yake bayarwa, SM58 na masu taro yana ba da kusan 1.9, makirfo kwandansa kuwa, mai siririn faifai da ke aiki da wuta, irin AT2020, yana ba da kusan 14. Ka ga ke nan kwandansar ya ninka naka fiye da sau goma tun kafin a taɓa geyin. Masu ƙera SM7B da kansu sun ce yana son firiyam mai desibel 60. Ƙananan saunkad da yawa a hamsin da 'yan kai suke tsayawa, kuma a ƙarshen murɗawar nan ne hucin na'urar yake fitowa fili. Ko a gida ɗaya ma akwai bambanci: Focusrite Scarlett 2i2 na zubi na uku desibel 56 gare shi, na zubi na huɗu 69.

Kafin ka sake fitar da ko sisi, ka matso da bakin mai magana. Duk lokacin da ka rage tazara da rabi, ƙarfin da ke shiga makirfo yana ƙaruwa da kusan desibel 6, kyauta. Wanda ke tsaye nesa da taƙi guda, in ya dawo faɗin yatsu uku ko huɗu daga soson, ya samo maka desibel goma ko fiye, sai ka sassauta geyin, hucin ya ja baya. An yi wannan makirfo ne don a yi magana dab da shi. Murya za ta ƙara kauri saboda kusancin, in ya yi yawa akwai ɗan maɓallin rage ƙasan sauti, wato kaurinsa, a bayan makirfon.

Sannan ka tabbatar daga ina hucin yake, domin sau da yawa ba firiyam ba ce, ɗaki ne: fanka, na'urar sanyaya ɗaki, fankar laftof, ko janaretan maƙwabta. Ka je wajen masu gyaran rediyo ka sayi rizisto, ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 150 (om shi ne ma'auninsa), da kan XLR namiji guda ɗaya, a liƙe riziston da dalma tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3 na kan XLR ɗin. Ka cire makirfo, ka soka wannan a wurinsa, maɓallin 48V mai tura wa makirfo wuta a kashe, geyin a inda ka saba barinsa, ka ɗauki sakan goma. Abin da ka ji shi ne hucin firiyam ɗinka zalla. In ya yi ƙasa sosai da wanda kake ji da makirfo, to ɗakinka ne ke huci, kuma ko firiyam ta miliyan ka saya za ta ɗaga shi tare da muryar.

In gwajin ya nuna saunkad ɗin ne, mafita mai sauƙi ita ce ƙaramar na'urar ƙarin ƙarfi da ake sa wa tsakanin makirfo da saunkad, irin Cloudlifter CL-1 mai ƙara har desibel 25, ko FetHead mai ƙara kusan 27. Da wutar 48V ta saunkad suke aiki, kuma ba sa wuce da ita zuwa makirfon. A ganinmu wannan ya fi maka sayen firiyam mai arha ta daban, wadda sau tari ba ta fi ta cikin saunkad ɗinka tsafta ba.

Ina karanta labarai da tallace-tallace ina ɗorawa a YouTube. An kawo mini makirfo kwandansa, na haɗa, shiru kake ji. Wani ya ce in danna 48V, wani ya ce zai ƙona mini kaya. Wa zan bi? Daga wata 'yar'uwa a Jekadafari, Gombe.

Hajiya, ki danna, amma a kan tsari. Kwandansa ba ya aiki sai da wuta, domin a cikinsa akwai wani siririn faifai da ke buƙatar caji, da ƙaramar na'urar da ke rakiyar siginar zuwa waje. Wutar ita ake kira fantom, bolt 48 ce, kuma ta cikin wayar XLR ɗin da murya ke bi take tafiya. Kamfanin Neumann na Jamus ne ya fito da tsarin a 1966, har yau kuma shi ake bi. Firiyam tana tura wutar ta ƙafa ta 2 da ta 3 daidai wa daida, kowace ta bi ta rizisto mai om 6,800, ta dawo ta ƙafa ta 1. Saboda riziston nan wutar ba ta da ƙarfin da za ta cutar da mutum.

Ga yadda ake yi. Ki mayar da geyin ƙasa, ki rage sifika da na kunne. Ki soka waya a makirfo da saunkad tukuna, sannan ki danna 48V, ki jira kamar sakan goma wutar ta zauna, sai ki fara ɗaga geyin. In kin gama, ki rage sauti, ki kashe 48V, ki ba shi rabin minti kafin ki zare wayar. Zare waya ko soka ta alhali wutar na kunne shi ke kawo "ɗas" ɗin nan mai ƙarfi da ke iya lalata ƙaramar sifika, ya kuma razana kunnen wanda ke sanye da na kunne.

Wanda ya tsorata ki ma yana da tasa gaskiyar. Makirfo dayinamik mai lafiyayyar waya ba abin da fantom ke yi masa, tunda ƙafafun biyu ƙarfinsu ɗaya, wuta ba ta ratsa naɗin. Inda ake ɓarna shi ne makirfo ribon, mai siririn zaren ƙarfe a ciki, musamman tsofaffi, da wayar da aka yi wa haɗin gida aka gama ƙafa ta 3 da ta 1, da kuma soka wayar salula, laftof ko fiyano a ramin XLR da wata wayar canji alhali 48V na kunne. Waɗannan ba a yi su don karɓar wuta ta ƙofar fitarsu ba. A lura kuma, ƙananan miksa da saunkad da dama maɓalli ɗaya ne ke ba dukkan ramuka wuta lokaci guda.

In kin danna har yanzu shiru, ki dubi wayar. Wasu makirfo masu arha suna zuwa da waya mai XLR a gefe ɗaya, ƙaramin filogi irin na kunne a ɗayan. Wannan ba ta ɗaukar fantom, XLR mace da namiji ake so. In waya daidai ce, a sa mita a kan wutar batir a auna ramin: tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2 a ga wajen 48, daga 44 zuwa 52 duk lafiya ne, tsakanin ta 1 da ta 3 haka, tsakanin ta 2 da ta 3 sifili. In an ga ƙasa da haka sosai, ki cire saunkad daga mahaɗar USB mai ramuka da yawa ki soka shi kai tsaye a jikin kwamfuta, domin daga bolt 5 na USB yake ƙago 48 ɗin, kuma in abincinsa bai isa ba ba zai iya ba.

Mawaƙina in ya fara a hankali komai lafiya, amma da ya ɗaga murya a amshi sai ta tsage kamar an yaga ƙyalle. Na ja feda, wato maɓallin rage ƙara, ƙasa a kwamfuta, tsagewar na nan. Daga wani mai haɗa kiɗa a Azare.

Malam, fedar kwamfuta tana bayan ɓarnar ne, shi ya sa ba ta gyara komai. Murya tana bi ta makirfo, ta shiga firiyam, ta wuce sashen da ke mayar da ita lambobi, sannan ta isa manhaja. Sashen lambobin nan yana da rufi, shi ne sifilin da ke saman mitar manhajarka. Duk abin da ya kai can an aske masa kai, kuma a aske aka ajiye shi. Jan feda rage ƙarar tsagaggiyar murya ne kawai. A geyin ake maganin abin, kafin a danna ɗauka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne saita geyin da "gwaji, gwaji, ɗaya, biyu". Babu mawaƙin da ke waƙa da muryar da yake gwaji da ita. Ka sa masa kiɗan a kunne, ka ce ya rera wurin da ya fi ɗaga murya a duk waƙar, a tsaye inda zai tsaya, da gaske ba da wasa ba. Kana kallon mita kana ɗaga geyin daga ƙasa, har sai yawancin muryar na yawo wajen -18, ƙololuwarta kuma ba ta wuce -10 ba. Ka tsaya nan. In an fara ɗauka na gaskiya jini ya ɗau zafi, zai ƙara desibel uku ko huɗu a kan abin da ya gwada, kuma ka riga ka bar masa wuri. Fitilar da ke jikin saunkad ta zauna a kore, ta ɗan leƙa ruwan ɗorawa jefi-jefi, ja kuwa ko sau ɗaya kada ta nuna.

Mutane na tsoron wai murya za ta yi ƙasa. Wannan tsoro gadon zamanin kaset ne, lokacin da dole a cika mita don a rufe hucin zare. Ka saita manhajarka a bit 24, bit shi ne ma'aunin zurfin ɗauka. Kowane bit kusan desibel 6 ne, saboda haka bit 16 na ba da fili na desibel 96, bit 24 kuwa 144 a lissafi, fiye da abin da kowace firiyam za ta iya cikawa. Muryar da aka ɗauka a -18 ana ɗaga ta daga baya ba ta rasa komai. In mawaƙi ya ce ba ya jin kansa, maɓallin na kunne za ka ƙara, ko ka rage masa kiɗa, kada hannunka ya koma kan geyin. A saitin yawan awon sauti a kowane sakan kuwa, in aikin na fim ne ko bidiyo ka ɗauka a 48,000, na sauti zalla 44,100 ya wadatar.

Tazara ma tana da hannu. Ga kwandansa, taƙi guda tsakanin baki da makirfo, wato santimita 15 zuwa 20, da rariyar iska a tsakiya don "fa" da "ba" kada su buga faifan. Ƙwararren mawaƙi yana ɗan ja da kai baya in zai ɗaga murya, sabon shiga kuwa matsowa yake yi, sai an koya masa. Ka manna alama a ƙasa inda ƙafarsa za ta tsaya.

Wani abu da bai shafi tambayarka kai tsaye ba amma muna yawan ganinsa: kada a ɗauki murya da amsa-kuwwa ko gyaran karin murya a manne da ita. A bar wa mawaƙi ya ji su a kunne in yana so, amma abin da ake ajiyewa ya zama busasshe. Abin da aka dafa da gishiri ba a tsame gishirin.

Muna ɗaukar makaɗan gargajiya, kalangu da ganga da algaita. Geyin na ƙasa ƙarshe amma fitila na ja. Kuma da na sa makirfo biyu a ganga, sai sautin ya rame maimakon ya cika. Daga Kumo.

Nan ne amfanin maɓallin da aka rubuta wa PAD. Yana rage sigina, galibi da desibel 20, wasu 10, kafin ta shiga firiyam. Amma ka san inda tsagewar take. In kwandansa ne a bakin algaita ko kakaki, mai yiwuwa na'urar cikin makirfon ce ta ƙoshi, to na jikin makirfon za ka danna, na saunkad ba zai yi komai ba. In babu ko ɗaya, ka ja makirfo baya zuwa rabin mita ko fiye, ka kauce wa saitin bakin algaitar kaɗan, ko ka koma dayinamik irin SM57, wanda da wuya ƙara ta fi ƙarfinsa.

Kalangu yana yaudarar mita. Bugun makaɗi gajere ne ƙwarai, yana wucewa kafin allurar mita ta motsa, saboda haka ka bar masa fili fiye da na murya, ƙololuwa wajen -12. Makaɗi kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana juyi yana matse tsarkiya a hammata, makirfon da ke nesa da santimita 30 zuwa 40 ya fi wanda ke manne da fata kama shi.

Ramewar ganga kuwa ga dalilinta. In aka bugi fata ɗaya ta shiga ciki, ta ɗaya gefen waje take turowa. Makirfo na farko yana jin iska na janyewa, na biyu yana jin tana tahowa, in ka haɗa su sai su cinye juna, kuma ƙasan sautin ne ke fara tafiya. Ka danna maɓallin juya fuska, mai alamar Ø, a kan ɗaya daga cikinsu, ka saurara a haɗe. Wanda ya fi kauri shi ne daidai. In saunkad ba shi da maɓallin, kowace manhaja tana da shi. Ga 'yan amshi da makirfo fiye da ɗaya, tazarar da ke tsakanin makirfo biyu ta ninka tazarar kowane da bakin mai shi sau uku. Maɓallin yanke ƙasa mai lamba 80 ko 75 kuwa ka danna shi ga murya, algaita, sarewa da goge, amma ka bar shi a kashe ga babbar ganga da tambari, domin cikinsu yana can ƙasa.

Wani gurnani "mmmm" ba ya rabuwa da duk abin da na ɗauka. In an koma janareta ya ƙaru, wani lokaci har leɓe na ɗan jin tsiri in ya taɓa makirfo. Daga Pantami, Gombe.

Ɗan'uwa, maganar tsiri ita ce ta farko, domin ta rai ce. Jikin makirfo a haɗe yake da jikin dukkan kayanka ta ƙafa ta 1. In yana jan leɓe, kayanka ba su da atin, wutar da ke ɗiga ba ta da hanyar zuwa ƙasa sai ta jikin mutum. Ka dakatar da aiki, ka kira mai aikin wuta ya duba ko ramin sama na soket ɗinka yana da waya, kuma ko wayar ta kai ga sandar tagulla da aka binne. Gidaje da shaguna da yawa ramin nan ado ne kawai. A yankinmu ƙasa kan bushe ƙayau da rani, sandar da ke aiki da damina sai ta yi rauni a watan Maris, saboda haka a binne ta da zurfi a wuri mai laima. Janaretan ma a ba shi nasa atin. Kada kuma wani ya ba ka shawarar karya ƙafar atin ta filogi don gurnani ya tafi. Yakan tafi, amma ya bar ka da haɗari.

Shi gurnanin, wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a sakan, shi kake ji, tare da 'ya'yansa a 100 da 150. Maɓallin yanke ƙasa zai rage na 50 ɗin, ba zai taɓa sauran ba, don haka sai an bi sawu. Ka cire komai, ka bar laftof a kan batirinsa, da saunkad, makirfo da na kunne kaɗai. In shiru, ka riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya kana saurare: cajar laftof, sifika, fiyano, allo na biyu. Wanda gurnani ya dawo da shi shi ne mai laifi. Sau da yawa caja ce, musamman wadda ba ta asali ba. In sifika ce ko fiyano, yawanci don an soka su a soket daban ne, atin ya samu hanya biyu ya yi zobe. Ka tara dukkan kayan sauti a soket ɗaya ta ekistanshan mai kyau, firji da fanka da na'urar sanyaya ɗaki su koma wani layin. Fiyano ya bi ta akwatin DI, wanda ke mayar da siginar kayan kiɗa irin ta makirfo ta bi wayar XLR, mai maɓallin ɗage atin, wannan atin ɗin sauti yake ɗagewa, ba na wuta ba.

In tun a kan batir gurnanin na nan, waya ce. Wayar XLR tana kashe hayaniya ne da dabara: ƙafa ta 2 da ta 3 suna kwasar hayaniyar hanya daidai wa daida, firiyam kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai take ɗagawa, sai hayaniyar ta soke kanta. In ɗaya ta tsinke, ko ragar da ke lulluɓe da su ta saki daga ƙafa ta 1, dabarar ta rushe. Ka buɗe kawunan biyu ka duba dalma, ka auna da mita: 1 zuwa 1, 2 zuwa 2, 3 zuwa 3, kuma babu wadda ke taɓa 'yar'uwarta. Kada wayar makirfo ta kwanta a jere da wayar wuta, in dole su haɗu su gitta juna. A nisanta ta da sitabilaiza, domin taransifomar cikinta tana watsa gurnani ko ba a taɓa ba. "Tit-tiri-tit" da ke shigowa jefi-jefi kuwa wayar salula ce ke neman layi, a fitar da wayoyi daga ɗakin ɗauka.

Ƙaramin janareta wutarsa tana hawa da sauka da nauyin da aka ɗora masa. In da hali, a bar shi ya yi cajin batir, a yi ɗauka a kan inbata, amma mai tsaftatacciyar igiyar wuta, wadda ake rubuta wa Pure Sine Wave a jiki. Mai arhar nan tana ƙara zizar da ta fi ta janareta. Duk lokacin da za a canja layi a kashe kaya tukuna. Sifika ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa.

Yayana ya aiko mini firiyam ta gwanjo daga Amurka, irin mai kwaikwayon Neve. Yaya zan haɗa ta da saunkad? Daga Fadamar Mada, Bauchi.

Kada ka soka ta a wuta sai ka karanta bayanta. Amurka bolt 120 suke amfani da shi, mu 230. In an rubuta 100 zuwa 240, ba damuwa. In akwai ɗan maɓalli mai 115 da 230, ka tura shi 230, ka duba fis, domin na'urori da yawa fis ɗin da suke so a 230 rabin na 115 ne, kuma a rubuce yake a wurin. In 120 kaɗai aka rubuta, ko cajarta ta waje haka ta ce, sai da taransifoma mai sauke wuta. Sakan ɗaya a soket ɗinmu ya isa ya gama da ita.

Makirfo ya shiga firiyam, 48V daga firiyam ɗin za ka ba shi. Fitarta kuma layin ce, saboda haka ramin layin na saunkad za ta shiga. A saunkad mai ramin gama-gari, XLR yana kai wa firiyam ta ciki, babban filogi na tsakiya yana kai wa layin. Ka nemi waya mai XLR mace a gefe ɗaya da babban filogi mai zobe biyu a ɗayan: ƙafa ta 2 zuwa tsini, ta 3 zuwa zobe, ta 1 zuwa jiki. A saunkad ka kashe 48V, ka kashe INST wanda na jita ne, ka mayar da geyin ƙasa. In ka bi ta XLR ka ɗora firiyam a kan firiyam, murya za ta tsage tun ba a je ko'ina ba.

Asalin irin taka ita ce Neve 1073 da Rupert Neve ya fitar a Ingila a 1970, mai desibel 80 da taransifoma a shiga da fita. Masu kwaikwayonta galibi maɓalli biyu gare su, na shiga da na fita. In kana son murya tsaf, na fita ya kasance a buɗe sosai, na shiga daidai buƙata. In kana son ɗan kaurin nan da ake sayenta dominsa, ka ƙara na shiga taki ɗaya ko biyu, ka rage na fita har mitar manhaja ta dawo -18. Ka yi a hankali, abin da ke da daɗi a waƙar soyayya yana iya zama datti a karatu ko sanarwa. Maɓallin om 300 da 1,200 kuwa ka fara da 1,200. Makirfo yawanci om 150 zuwa 200 ne, kuma yana son ƙofar da ta ninka shi sau biyar ko fiye. A dayinamik da ribon za ka ji bambancin, a kwandansa da kyar.

Muna son ɗaukar tafsirin azumi a masallacinmu. Wani yaro ya ce a ja waya daga bayan amfilifaya inda lasifika ke fita. Daga wani ɗan kwamitin masallaci a Bajoga.

Allah ya gafarta Malam, kada a yi haka. Wurin lasifika yana fitar da gomman bolt, wasu na masallatai har 70 ko 100, zai ƙone saunkad nan take. A nemi ramin da aka rubuta wa REC OUT, LINE OUT ko AUX, a kai shi ramin layin na saunkad, 48V a kashe. Wayar da ba XLR ba kada ta wuce mita biyar, in wurin da nisa a sa akwatin DI kusa da amfilifaya a ja XLR daga nan, ita tana tafiya mita hamsin lafiya. A saita geyin da muryar mai jan baƙi, domin ya fi mai fassara ɗagawa.

In na murɗa geyin sai ya yi "ƙarar-ƙarar", kuma da damina kwandansana yana tartsatsi kamar ana suya. Daga Yelwa, Bauchi.

Na farko ƙurar hunturu ce ta shiga cikin maɓallin. A cire na'urar daga wuta, a fesa maganin wanke mahaɗar lantarki kaɗan ta ɗan ramin da ke jikin maɓallin daga ciki, a murɗa shi gaba da baya sau ashirin ko talatin, a bar shi ya bushe. Ban da fetur, ban da kalanzir, ban da man keken ɗinki. In firiyam mai kwalbar bal ce, irin kwalbar cikin tsofaffin rediyo, a kai wa mai gyara, domin wasu suna riƙe bolt 200 zuwa 300 a ciki ko bayan an kashe su. Irin waɗannan kuma a ba su minti 15 su yi ɗumi kafin ɗauka, a bar musu sarari sama da ƙasa a cikin rak, wato kantar da ake jera kayan sauti, zafin Afrilu a nan yana kai 40 ko ba a kunna komai ba. In an tashi aiki a rufe kaya da ƙyalle.

Na biyu laima ce ta haɗu da ƙurar da ta kwanta a kan faifan makirfo, cajin yana zurarewa ta cikinta. Kada a hura masa iska da baki, kada a taɓa faifan da auduga. A sa shi cikin roba mai murfi tare da ƙunshin tsakuwar shan laima, irin da ake samu a kwalin sabon takalmi, guda biyar ko shida, ya kwana biyu. In tartsatsin ya tafi, nan ne makwancinsa har damina ta wuce, kuma kada a sake waƙa a gabansa ba rariyar iska, domin tururin baki ma laima ne. In bai tafi ba bayan an canja waya an gwada wani rami, faifan yana son wankin gwani.